Amanar Dajin Abzin: Wa Ake Tambaya Kafin a Yanka Ƙasa?

Duk wanda ya bar Agadas, ko ta hanyar Arlit ko ta Damagaram ko ta Ingal, kafin gidajen ƙarshe su ɓace masa zai ci karo da wasu 'yan turakun siminti a kafe cikin rairayi, kowanne bai kai gwiwa ba. Babu gini, babu katanga. A wani wurin an jibge bulo ashirin ko talatin a kusurwa, iska ta binne rabinsu. Awaki na bi tsakanin turakun suna tsintar 'ya'yan ƙandili da suka zubo. Can gefe ga rumfar tabarma irin ta Abzinawa, da tukunya bisa duwatsu uku, da jarkoki rawaya a jere suna jiran jaki ya kai su famfo. Turakun nan shaida ce an yanka wurin an sayar, takardarsa kuma tana cikin akwatin wani a Yamai, ko a Arlit, ko a hannun wani da ya samu a zinariya. Mai rumfar ba ta da takarda. Abin da take da shi kawai, kakarta ta yi kiwo a nan.

Faɗin jihar Agadas murabba'in kilomita 667,799 ne, fiye da rabin Nijar baki ɗaya, kuma abin da ake nomawa a cikinta bai taka kara ya karya ba. Saura duk makiyaya ce da duwatsu da rairayi. A doka, mafi yawan wannan ƙasa ba mallakin mutum ɗaya ba ce, gwamnati ce ke riƙe da ita a madadin jama'a. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mun san hurumi, filin nan da ake bari a bayan gari don dabbobi da maƙabarta da masallacin idi, wanda sarki ke tsaronsa amma ba shi da ikon sayar da shi. Malamai kuma sun san hima, makiyayar da shugaba ke keɓewa don amfanin al'umma, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza ga dabbobin baitulmali. Ko a Najeriya, dokar filaye ta 1978 cewa ta yi gwamna na riƙe da ƙasar jiharsa ne bisa amana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a Abzin mai riƙon amanar ya iya tara masu ita a yi shawara in maganar akuya ce ko itacen girki, amma da zarar an zo kan zinariya, ko yuraniyom, ko filin da za a yanka a bakin gari, sai a nemi tabarmar shawarar a rasa.

Rijiya ita ce takardar makiyayi

Wanda bai taɓa kwana a bakin rijiyar makiyaya da bazara ba, da wuya ya gane yadda ake mulkin ƙasar da ba ta da shinge. Tun kafin rana ta fito ake jin ƙarar icen da igiya ke bi ta kansa. Yaro na kora jaki ko raƙumi yana jan igiyar har ya yi nisa, wasaki ya fito cike, wani ya tare shi ya juye a kwami, yaron ya juyo da dabbarsa a sake zurawa. Raƙuma na gefe suna jira, tumaki da awaki na nasu gefen. Kowa ya san wanda zai fara shayarwa: zuriyar da ta haƙa rijiyar. Baƙon da ya iso da garkensa ba a hana shi ruwa, domin hana mai ƙishirwa ruwa abin kunya ne da ke bin gida har jikoki. Sai dai zai yi sallama, ya nemi izini, a gaya masa kwana nawa zai yi kafin ya ƙara gaba. Da haka masu rijiya ke auna yawan bakin da ciyawar kewaye za ta iya ɗauka. Da rani dabba ba ta iya nisa da ruwa, saboda haka wanda igiyar rijiya ke hannunsa shi ke riƙe da ciyawar. Tsari ne cikakke na raba ƙasa, kuma ya daɗe yana aiki kafin a kawo takarda da hatimi.

Bayan samun 'yancin kai, dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja layi daga yamma zuwa gabas, ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba a buɗe sabuwar gonar damina, in ban da 'yan gonakin ci na makiyaya da garaken kwari. Agadas tana arewa da wannan layi. A shekarun da suka biyo, gwamnati da masu ba da agaji suka yi ta gina rijiyoyin siminti da tashoshin famfo, da kyakkyawar niyya, aka ce na kowa ne. Ruwan kowa ya janyo garken kowa. Ciyawar kewaye ta riƙa ƙarewa tun kafin bazara, babu kuma mai bakin cewa ya isa haka. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da tsohon tsarin ya yi rauni, suka kwashe dukiya, suka turo dubban iyalai bakin Agadas da Arlit. Da yawa daga rumfunan da ke gefen gari a yau, daga can asalinsu yake.

Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yi ƙoƙarin gyara ɓarnar. Ta amince cewa makiyayi yana da mazaunin asali, wurin da yake komawa ya yi mafi yawan shekara, kuma a can yana da haƙƙin fifiko kan ruwa da ciyawa, ko da yake ba zai hana wani wucewa ko shayarwa ba. Wato al'adar bakin rijiya ce aka shigar cikin doka. Ita ce kuma ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye ko ruga har zuwa ƙaramar hukuma da gunduma, inda sarakunan gargajiya da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa ke zama tare. Ranar 20 ga Mayu 2010 kuma, bayan shekaru da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka yi suna kai gwauro suna kai mari, aka sa hannu kan dokar kiwo. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne da hukuma za ta kare, ta kuma hana kowa mayar da makiyayar jama'a tasa shi kaɗai.

Makiyayin arewacin Najeriya, wanda ya ga yadda aka cinye burtali da gandun kiwon da dokar 1965 ta ware masa, zai yi sha'awar irin waɗannan dokoki, kuma yana da gaskiya. Amma Kofo da yawa ba su da mota, ba su da kuɗin mai, wani lokaci sai mai ƙara ya ɗauki nauyin kai su wurin da ake rigimar. Mai kuɗi kuwa ba ya bukatar kafa shinge. Ya isa ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar makiyaya, ya zuba garke, ya ɗauki masu kiwon haya. Wanda ruwa ke hannunsa ai an san abin da ya riƙe.

Gandun Abzin da Tenere

Babban wurin da aka gwada shawara da mutanen daji a wannan jiha shi ne gandun Abzin da Tenere. An kafa shi a watan Janairun 1988, da faɗin murabba'in kilomita 77,360, ya fi jihohin Kano da Katsina da Jigawa in an haɗa su. Ya ɗauki gabashin duwatsun Abzin da yammacin rairayin Tenere. A tsakiyarsa aka keɓe kamar kashi ɗaya cikin shida aka hana shiga, saboda wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni da Turawa ke kira adaks, wadda ke iya yin watanni ba ta sha ruwa ba. Ban da ita akwai barewa, da ragon dutse, da birai a ƙoramun duwatsu, da garken jimina mafi girma da ya rage a yammacin Afirka a wancan lokaci.

Abin da ya bambanta wannan gandu da irin na zamanin Turawa shi ne ba a kori kowa ba. Mutanen Iferwan da makiyayan kwaruruka suka ci gaba da zama, suna kiwo, suna tsintar busasshen itace. Farauta da saran ɗanyen ice aka hana. Ma'aikatan gandun, da taimakon ƙungiyoyin WWF da IUCN, suka gane tun da wuri cewa 'yan tsirarun masu kaki ba za su iya tsare ƙasa mai wannan faɗi ba, sai suka jingina da dattawan kwari. Kowane kwari da wakilinsa, mutumin da ya san sawun kowace mota da ta bi ta wurin, ya san wanda ya sari icen da ba a sara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1991 UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gado na duniya.

Shekara guda kawai aka yi ana murna. Tawayen Abzinawa ya ɓarke, aka yi garkuwa da wasu ma'aikatan gandun, a 1992 aka mayar da shi jerin wuraren gado da ke cikin haɗari, kuma yau fiye da shekara 30 bai fita daga wannan jeri ba. Motoci masu bindiga suka shiga inda a da sai raƙumi. Kafin a kai ga sulhun 24 ga Afrilu 1995, jimina ta ƙare a dajin Abzin, sai 'yan kaɗan da wasu mutanen Iferwan suka killace suna kiwo don kada iri ya ɓace. Ina ganin wannan ɗan aiki nasu ya cancanci a riƙa faɗinsa, domin ba umarni aka ba su ba.

Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, sai aka samu waɗanda za a ƙulla magana da su a hukumance. Shirin COGERAT, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haɗa ƙananan hukumomi huɗu da gandun ya shafa, Iferwan da Timiya da Tabelot da Gugaram, suka kafa ƙungiya guda don su riƙa tafiyar da shi tare da gwamnati. Aka ɗauki matasan wurin aikin tsaron daji, aka jera duwatsu a gangaren ƙoramu don rage gudun ruwa, aka zauna kan inda za a bar wa ciyawa ta huta. Bai daɗe da farawa ba, a watan Fabrairun 2007, aka kai wa sojoji hari a Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, garin ya kusan zama kufai. Sai bayan 2009 aka koma aka ɗora daga inda aka tsaya. Duk da haka wani abu ya tsira. Kyamarorin da ake ɗaurawa a duwatsun Takolokuzet sun nuna har yanzu akwai wata babbar barewa mai farin jiki da jan wuya, wadda ta kusan ƙarewa a duniya. Masu ɗaura kyamarorin ba su isa wurin sai da jagorancin makiyayan da suka san hanya.

Albasa, itace da ciyawa

Ba daga waje kaɗai matsi ke zuwa ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye wannan. Garaken Abzin sun bunƙasa ƙwarai. Lemu da rumman na Timiya, dankali da tafarnuwa na duwatsun Bagzan, inda ƙololuwar Nijar take da tsawon mita 2,022, sai kuma uwa uba albasar Tabelot, wadda ke fitowa ƙarshen shekara lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, manyan motoci su kwashe ta har kasuwannin bakin teku. A da, sa ko raƙumi ke jawo ruwan garka da guga, a abin da Abzinawa ke kira takarkart, kuma gajiyar dabbar ita ce iyakar abin da za a ɗiba a yini. Injin ban ruwa ba ya gajiya, haka ma faifan hasken rana da ya biyo bayansa. Kowace sabuwar garka kuma a bakin ƙorama ake yanka ta, daidai inda goriba da manyan itatuwa suke, inda akuya ke samun abin ci da bazara, inda garke ke bi ya sauka ga ruwa. Mai garkar da mai akuyar sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Haka itace da gawayi ke fita daga kwaruruka zuwa murhunan Agadas da Arlit. Haka ake tumɓuke ciyawar afazo har saiwa a ɗaure a kai kasuwa, alhali ita ke riƙe rairayi, ita ce kuma abincin raƙumi. Wata ƙaya baƙuwa mai suna Prosopis, da aka shigo da ita don tare hamada, ta mamaye bakin ƙoramu tana shaƙe itatuwan gida. Irin waɗannan matsaloli su ne shawara ke iya magancewa, domin mai ɓarnar da wanda aka yi wa ɓarnar suna haɗuwa a masallaci da wurin suna. A kudu an ga misali: da manoman Maradi da Damagaram suka tabbata icen da suka raina a gonarsu nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sai suka rayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba. A Abzin ma, inda aka bar wa mutanen kwari ikon hanawa da hukuntawa, ana ganin bambanci da ido.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Haƙƙin makiyayi a kan ciyawa da ruwa ya tsaya. Abin da ke ƙarƙashi na ƙasa ne baki ɗaya, kuma a Yamai ake ba da izinin haƙarsa. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a Akuta a 1978. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe, ya bar tarin dusar ma'adini mai guba da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20. Ruwan da aka yi shekaru ana wanke ma'adinin da shi daga tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa aka jawo shi, irin wanda damina ba ta mayarwa. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit ta daɗe tana ƙorafi a kan wannan. A tsakiyar shekarun 2000, da farashin yuraniyom ya tashi, an raba takardun izinin bincike fiye da ɗari a arewa, akasarinsu a kan filayen da ke yamma da duwatsun Abzin, wato daidai makiyayar da garkuna ke hawa da damina. Makiyaya da yawa sun san an ba da wurinsu ne ranar da suka ga motocin masu auna ƙasa. Wannan na cikin ƙorafin da 'yan tawayen 2007 suka ɗaga.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu daga haƙar ma'adinai ya koma wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo shi. Magadan gari sun yi shekaru suna bin bashin wannan kaso. Ko da an biya shi cif, kuɗi ne bayan an gama yanke hukunci. Ba shi ne tambayar ko a haƙa a nan ko a matsa gaba saboda rijiya ba.

Sai zinariya. A watan Afrilun 2014 aka gano ta a Jado, cikin 'yan makonni dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya da Najeriya. A shekarar aka same ta a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, daga baya a cikin duwatsun Abzin kansu. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, masu haƙa suka watsu wasu wuraren. Ba zan zagi zinariya ba. Yawon buɗe ido ya mutu tun tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010, dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure ta zaunar da ɗaruruwan direbobi har zuwa soke ta a Nuwamban 2023, kuma a tsakanin nan zinariya ce ta riƙe gidaje da yawa, ta hana samari da dama ɗaukar bindiga. Amma kowane sansanin masu haƙa yana cin itace, yana shan ruwan da ake kai masa a tanka, yana kuma son nama, barewa kuwa ba ta tsere wa babur. Ramukan da aka bari a buɗe suna karya raƙuma. Inda ake niƙa dutse ana wanke shi da sinadarai masu guba, ruwan da ya kwanta a wurin dabba in ta sha ba ta kwana. Dattijon kwari yana iya tsawata wa ɗan ƙanensa da ya sari goriba. Me zai ce wa mai injin tono da ya zo da takarda daga ma'aikatar ma'adinai?

Abin da ya faru a Termit da Tin-Tumma, gandun da ya ratsa jihohin Agadas da Damagaram da Difa, ya isa ishara. An kafa shi a 2012 da faɗin murabba'in kilomita 97,000, shi ne mafakar ƙarshe ta adaks a daji. Wani bincike na 2016 uku kacal ya gani. A 2019 gwamnati ta zare kusan rabin gandun saboda ya hau kan filayen man fetur na kamfanin CNPC na Sin, daga baya aka sake gyara iyakar. Iyakar da aka yi shekaru ana shawara da Tubawa da sauran makiyaya kafin a ja ta, zama ɗaya na majalisar ministoci ya gusar da ita.

Gari na cin bayansa

A birnin ma labarin bai canza ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 110,000 a Agadas, kuma tun daga nan garin bai daina kumbura ba: waɗanda suka dawo daga Libiya bayan 2011, masu zinariya, matafiya, 'yan gudun hijira, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ɗaliban jami'ar da aka kafa a 2014. Har sansanin jiragen sojan Amurka an gina a kudu da gari, suka bar shi a Agustan 2024. Ga ƙaramar hukumar da ba ta da kuɗin shiga, yanka filaye ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi, an kuma daɗe a Nijar ana biyan basussuka da fili. Mai kuɗi kuma ya gane fili ba ya ruɓewa, ba ya mutuwa da fari. Shi ya sa turaku ke riga gidaje isa daji da shekaru.

Ruwa ya riga ya yi gargaɗi. A farkon Satumban 2009 ƙoramar Telwa, wadda ke gangarowa daga duwatsu ta bi ta gefen gari, ta fasa madatsa cikin dare ta rusa dubban gidaje, mafi yawansu na talakawan da suka zauna a hanyar ruwa don nan ne kaɗai ba mai korarsu. Tsofaffin garin sun san inda Telwa ke bi in ta cika. Da daminar 2024 ruwa ya sake yin ɓarna, har cikin tsohon gari.

Tsohon garin kuwa shi ne wurin da aka fi ganin amfanin shawara. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya, da unguwanninsa 11, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 da aka fara ginawa wajen 1515. Abin da ya riƙe shi tsawon ƙarnuka ba dokar waje ba ce. Sarauta ce da ta faro tun farkon ƙarni na 15, da masu unguwanni, da magina da suka gaji yaɓe, da al'adar fitowa gayya in masallaci na bukatar gyara. Mai martaba Umaru Ibrahim Umaru, wanda ya gaji mahaifinsa a 2012, har yau fadarsa ce ake kai rigimar gida da ta rijiya. Akwai takun saƙa, domin mai gida yana son siminti da ƙofar ƙarfe, masu kula da gado suna son ƙasa, amma aƙalla ana zama a yi ta fuska da fuska. Irin wannan zama ne babu shi a bakin gari, inda ake kafa turaku.

Wa ya rage a kan tabarma

Sulhun 1995 alkawarin da ya fi kowane nauyi a cikinsa shi ne mutanen arewa za su riƙa tafiyar da al'amuransu. Daga nan aka samu zaɓaɓɓun magadan gari a 2004, da majalisar jiha a 2011, wadda Mohamed Anako, tsohon jagoran tawaye, ya shugabanta. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, suka naɗa masu riƙo. A watan Yunin shekarar aka karɓe izinin haƙar yuraniyom a Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 kuma aka mayar da Somaïr mallakin ƙasa. 'Yan Nijar da yawa sun yi farin ciki da wannan, kuma na fahimci dalilinsu: an daɗe ana kwasar arziki ana bar mana ƙura. Amma ga matar da ke kiwo a gefen Imuraren, sauya sunan mai takarda bai amsa tambayarta ba. In ƙasa ta karɓi dukiyarta daga hannun baƙo, nauyin amanar da ke kanta ƙaruwa ya yi, domin yanzu babu wani da za a nuna da yatsa.

Kayan aikin suna nan cikin doka. Dokar 1993 ta umarci kowace jiha ta yi taswirar tsarin filayenta, a zauna da jama'a a rubuta ina ne burtali, ina ne mashaya, ina ne makiyayar da ba a taɓawa, ina gari zai faɗaɗa. Doso ce ta fara kammala tata, a 2018, shekara 25 bayan dokar. A Agadas irin wannan taswira ba za ta yi amfani ba sai an ɗora takardun ma'adinai da na yankan filaye a kanta, a ga inda suka hau kan rijiya, a kuma ba Kofo da dattawan kwari ikon cewa a dakata. Sai an nemi mata musamman, domin su ke kiwon awaki, su ke yankar kaba, su suka san wace bishiyar jiga ce ba a sara. Sai an tuna da Fulani Wodaɓe da sauran masu zuwa da damina su koma, waɗanda ba sa nan ranar da ake taron rani. A Namibiya, tun dokar 1996, al'ummar da ta tsare namun dajinta ita ke cin kuɗin da suka kawo, ita ke sa hannu da mai zuba jari. Wakilin kwari a Abzin kuwa ya yi shekaru yana tsaron daji da raƙuminsa da guzurinsa.

Wurin taron ma akwai shi. Kowace shekara, wajen watan Satumba, garkuna daga Tawa da Damagaram da Maradi da Abzin na haɗuwa a filayen Irhazer kusa da Ingal, dabbobi su lashi gishiri su sha ruwan kanwa, a yi tseren raƙuma, a ɗaura aure, manyan baƙi su zo daga Yamai su yi jawabi. Babu wani lokaci a shekara da masu wannan ƙasa ke taruwa wuri ɗaya kamar nan. Kowace takardar izinin haƙa tana da lamba da iyaka da ranar ƙarewa. Ana iya karanta su duka a lasifikar filin taro, da Tamashek da Fulatanci da Larabci da Hausa, a ambaci sunan kowace rijiya da ta faɗa ciki, a saurari masu ita, kafin ciyawa ta bushe garkuna su juya kudu.